Idan injin saita fokas na teleskop ya ƙi aiki: yadda za ka bi sawun matsalar mataki-mataki

Duk wanda ya ɗan jima yana ɗaukar hoton sararin samaniya ya san wannan daren. Sama ta washe, ba gajimare, an saita teleskop, kyamara ta yi sanyi, sai ka danna maɓallin neman fokas. Minti biyar su wuce, manhaja ta ce ta gaza. Ka sake, ta sake gazawa. Ko kuma ta ce ta yi nasara, amma da safe ka buɗe hotunan ka tarar taurari sun kumbura kamar ɗigon fenti.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, akwai abin da ya kamata ka sani game da wannan ɗan injin: makaho ne. Yawancin injinan da ake ɗaura wa fokasa, wato ɓangaren teleskop mai tura bututun kyamara ciki da waje, irin masu tafiya taki-taki ne, kuma ba su da hanyar sanin inda bututu yake. Kwamfuta ta ce a yi taki 200, allon lantarki ya tura wuta sau 200, lambar da ke fuskar kwamfuta ta ƙaru da 200, shi ke nan. Ko sandar ta juya, ko ta zame, ko bututu ya tsaya cik, lambar za ta canza. Saboda haka lambar da kake gani ba shaida ba ce. Aikinka shi ne ka bi umarnin tun daga kwamfuta har zuwa tauraro, ka gano mahaɗar da ya ɓace a cikinta.

Kuma da rana za ka yi yawancin wannan binciken, a kan tebur, da haske. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tanadi alƙalamin maka, ƙananan alanki, mitar auna wuta, wayar USB ta biyu wadda ka tabbatar da lafiyarta, da ma'auni mai nuna kason milimita.

Mataki na 1: Cire injin, ka gwada fokasar da hannu

Mutane kan tsallake wannan, alhali nan ake kama matsala da yawa. Sassauta mahaɗin da ya haɗa injin da sandar fokasa, ka juya da yatsu daga ciki har waje, da kyamara da duk kayanta a rataye. Tafiyar ta zama sumul. Idan akwai wurin da take cijewa, injin ma a nan zai cije, sai dai shi ba zai faɗa maka ba, zai zubar da taki ne ya ci gaba da ƙirga.

Duba notin kulle. Kusan kowace fokasa tana da noti ɗaya na daidaita tauri da wani na kulle bututu gaba ɗaya. Na taɓa ɓata rabin dare ina sauke direba, wato manhajar da ke haɗa injin da kwamfuta, ina sake sakawa, ashe na ɗaure notin kulle ne lokacin da zan ɗauki kaya, na manta. Da zarar an sa inji, notin kulle ba shi da sauran aiki, a bar shi a kwance.

Mataki na 2: Wuta

Wasu injinan daga USB kawai suke shan wuta, bolt 5. Wasu suna buƙatar bolt 12 daban, galibi ta filogi mai faɗin milimita 5.5 da rami 2.1, wanda tsakiyarsa ce ke ɗauke da wutar. Abin da ke ruɗa mutane a na biyun shi ne allon na iya kunnuwa da wutar USB, kwamfuta ta gan shi, lamba ta rinƙa canzawa, amma injin bai motsa ba domin bolt 12 ɗin ba ta iso ba.

Auna wutar a bakin filogin da ke shiga injin, ba a bakin batir ba, kuma a lokacin da komai ke kunne: maɗaurin da ke bin taurari, sanyayar kyamara, da ɗamarar ɗumi mai korar raɓa. Doguwar waya siririya tana cinye wuta a hanya. Idan injin yana aiki lafiya da farkon dare ya fara gardama wajen asuba, zargi batir tukuna. Ga masu shan wuta daga USB kuma, ramin USB 2.0 miliamfa 500 ne iyakar abin da aka tsara ya bayar, na USB 3.0 kuma 900. Idan ka jona na'urori huɗu a marabar USB da ba ta da wutar kanta, rabon da kowace za ta samu ba zai ishe ta ba.

Gargaɗi ɗaya ga wanda injinsa da allonsa a rabe suke: kada ka taɓa zare wayar injin alhali allon yana da wuta. Naɗin wayar da ke cikin injin yana mayar da wuta mai ƙarfi idan aka yanke shi farat ɗaya, kuma tana iya ƙona direban da ke kan allon, wato ƙwayar lantarkin da ke tura wa injin wuta, nan take.

Mataki na 3: Kwamfuta tana ganinsa?

Nan gajeren aiki ne idan ka bi shi a tsare. Jona injin kai tsaye a kwamfuta da gajeriyar waya, ba ta maraba ba. Akwai wayoyin USB na caji kawai, ba sa ɗaukar bayanai, kuma a ido ba ka bambance su. Tsawo ma yana da iyaka, mita 5 ga USB 2.0, na 3.0 kuma ya fara rigima bayan kimanin mita 3.

A Windows, buɗe Device Manager, ka zare wayar ka mayar, ka ga ko wani layi ya ɓace ya dawo. Injina da yawa suna bayyana ne a matsayin tashar COM mai lamba, ta hanyar ƙwayar FTDI ko CH340, kuma kowace tana da direbanta. Lambar COM na iya canzawa idan ka sauya ramin da ka saba sakawa, manhaja kuma ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Sannan tashar COM manhaja ɗaya take amsa wa a lokaci guda. Idan ka bar ƙaramar manhajar kamfanin a buɗe a baya, manhajojin ɗaukar hoto irin su N.I.N.A. ko Sequence Generator Pro ba za su iya shiga ba.

Bi wannan jeri: fara da manhajar kamfanin ita kaɗai. In ta motsa injin, rufe ta, ka gwada ta direban ASCOM, tsarin da manhajojin taurari ke bi su yi magana da na'urori, ko takwaransa INDI idan Linux da manhajar Ekos kake amfani da su. Sai a ƙarshe ka buɗe babbar manhajar ɗaukar hoto. Inda ya tsaya, nan matsalar take. Idan kuwa yana haɗuwa lafiya amma ya yanke a tsakiyar dare, shiga saitin wutar Windows ka kashe dakatar da ramukan USB don tanadin wuta, sannan ka ɗaure wayar a jikin teleskop yadda juyawar maɗauri ba za ta ja filogin ba.

Mataki na 4: Layin maka

Wannan shi ne gwajin da na fi amincewa da shi, kuma ba ya cin komai. Ja layi ɗaya miƙaƙƙe da maka, ya taso daga sandar injin, ya ratsa mahaɗi, ya sauka a kan sandar fokasa. Ja wani layin a jikin bututun da ke shige da fice, daidai bakin inda yake shiga. Yanzu ka ba da umarnin taki 1000 waje, taki 1000 ciki, sau biyar, kana kallo kana sauraro.

Idan injin yana gurnani ko karkarwa amma sandarsa ba ta juyawa, ƙarfi ne bai kai ba. Ko dai an sa gudun ya yi yawa, domin irin wannan injin ƙarfinsa raguwa yake idan gudu ya ƙaru, ko wutar ta yi kaɗan, ko fokasar ta yi tauri. Rage gudu tukuna. Ga wanda ya haɗa nasa da allon Arduino da ƙwayar direba irin A4988 ko DRV8825, karkarwa a wuri ɗaya galibi alama ce ta an gauraya wayoyin naɗi biyun, ko ɗaya ta tsinke. Da mita za ka gane: wayoyi biyun da ke nuna sun haɗu, na naɗi ɗaya ne. Ƙaramin notin saita ƙarfin wuta da ke kan allon direban ma yana iya zama ƙasa da abin da injin ke so.

Idan sandar injin ta juya amma layin ya karye a kan mahaɗi, ka kama ɓarawonka. Ƙananan notunan mahaɗi sun sassauta. Duba sandar, za ka ga gefe ɗaya a shafe yake, ba zagayayye ba. Noti ɗaya dole ya sauka daidai kan wannan shafaffen gefen, in ba haka ba komai ɗaurin da ka yi masa zai zame. Ka kuma tabbatar sandunan biyu suna kan layi ɗaya. Mahaɗi mai lanƙwasa yana yafe ƙaramin karkace, amma idan maƙalin injin ya karkace sosai, tafiyar za ta rinƙa tauri da laushi a kowane zagaye.

Akwai kuskuren ɗauri da ya yi yawa: haɗa injin a kan ƙaramin mariƙin nan mai rage gudu sau 10. A ido kamar dabara ce, tunda zai ba da taki ƙanana. Amma wannan mariƙin da gogayyar 'yan ƙwallayen ƙarfe yake aiki, an yi shi ne domin yatsa, kuma yana zamewa a ƙarƙashin nauyi. Sai dai in kamfanin injin ya tsara shi musamman don wannan gefen, a ɗaura shi a kan babbar sanda.

Idan kuma layin sanda bai karye ba, komai ya juya tare, amma layin jikin bututu bai dawo inda ya taso ba, to fokasar kanta ce ke zamewa.

Mataki na 5: Zamewar fokasa

Fokasa iri biyu aka fi samu. Akwai mai haƙora, inda ƙaramar giya ke tafiya a kan jerin haƙora. Akwai kuma Crayford, wadda John Wall ya ƙirƙiro a Ingila, ita ba ta da haƙori ko ɗaya: sandar ƙarfe ce ke danne shafaffen gefen bututu, gogayya kawai ke tura shi. Ta yi daɗi ga mai kallo da ido, amma rataya mata kyamara mai sanyaya da faifan filta, ka ɗaga teleskop ya kalli tsakiyar sama, sai nauyi ya fara jan bututu ƙasa a hankali.

Gwada ta a wannan yanayin mafi wuya, wato teleskop a miƙe sama da duk kaya a jiki. Idan fita waje tana cika amma shiga ciki tana gazawa, zamewa ce. Goge shafaffen gefen da sandar da sinadarin isopropyl, kada giris ko maiƙon hannu ya saura a wurin. Sai ka ƙara ɗaure notin tauri kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, kana maimaita gwajin. Kada ka zarce, domin idan ta yi tauri da yawa injin zai fara zubar da taki, ka fita daga wata matsala ka faɗa wata. A ganina, idan ka kai inda babu tsaka-tsaki tsakanin zamewa da cijewa, kayan sun fi ƙarfin fokasar, kuma babu saitin manhaja da zai gyara hakan. Mai haƙora ta fi dacewa da kaya masu nauyi.

Mataki na 6: Sifili, iyaka da alkibla

Al'adar ita ce sifili yana ciki, lamba tana ƙaruwa idan bututu ya fito. In naka akasin haka yake yi, akwai zaɓin juya alkibla a cikin direba. Shigar da bututu ciki, ka bar masa kamar milimita ɗaya kafin ya dunguri ƙarshe, ka sa nan ya zama sifili. Fitar da shi har dab da ƙarshe, ka rubuta lambar a matsayin iyaka. Duk lokacin da ka sassauta mahaɗi ka juya da hannu, wannan lissafin ya rushe, sai an sake.

Tunda kana nan, auna girman taki. A ce ka ba da taki 1000, bututu ya yi tafiyar milimita 4. Kowane taki maikiron 4 ke nan, tunda maikiron dubu ne a milimita ɗaya. Riƙe wannan lambar, za ka buƙace ta.

Mataki na 7: Lako-lakon giya

Duk inda haƙora biyu suka haɗu akwai 'yar rata a tsakaninsu. Idan inji ya juya baya, sai ya cinye wannan ratar kafin bututu ya motsa, kuma duk takin da ya yi a ciki an ƙirga shi alhali babu abin da ya tafi. Ba lalacewa ba ce, kowace giya tana da ita. Abin da ake so shi ne a san girmanta.

Fitar da bututu taki 500. Sai ka fara komawa ciki taki 10-10, kana kallon layin maka ko ma'auni. Yawan takin da aka yi kafin bututu ya motsa, shi ne lako-lakon. Maimaita sau uku. Idan sakamakon ya sha bamban kowane karo, koma mataki na 4, wani abu na zamewa.

Hanyoyin rama shi biyu ne. Ta farko, a ƙara adadin takin a duk lokacin da aka juya alkibla. Wannan sai lambarka ta yi daidai cif, kuma lako-lako kan canza da sanyi da nauyi, kuskuren kuma taruwa yake. Ta biyu, wadda na fi so, ita ce zarce-ka-dawo: injin ya wuce inda ake so, sannan ya dawo, yadda kullum ta gefe ɗaya yake isa wurin. A nan ba a buƙatar lamba daidai, kawai ta fi lako-lakon yawa. Idan ka auna 60, sa 100. A N.I.N.A. gefe ɗaya kawai ake cike wa lamba, ɗayan a bar shi sifili. Zaɓi yadda motsin ƙarshe zai zama na tura nauyi sama, wato shiga ciki ga teleskop mai kyamara a baya. A teleskop irin Schmidt-Cassegrain, inda babban madubin ne ke motsawa, a ƙare da juyi saɓanin hannun agogo, shi ne ke tura madubin sama.

Kuma a wuri ɗaya za ka kunna ramawar. Idan ka kunna a direba ka kuma kunna a manhaja, za a rama sau biyu, sakamakon ya fi na da muni.

Mataki na 8: Yanzu sai dare, a karanta zanen V

Manhaja tana neman fokas ne ta ɗaukar hoto a wurare da dama, ta auna kumburin taurari a kowanne, ma'aunin da ake kira HFR, ta zana sakamakon. Zane mai lafiya kamar harafin V yake, mai ɗan zagayayyen gindi. Siffarsa tana ba da labari fiye da saƙon gazawar da manhaja ke nunawa.

Kafin ka fara, kai fokas kusa da hannunka. Manhaja ba ta iya nemo fokas daga inda taurari ba sa ganuwa. Murfin Bahtinov, wanda ɗan Rasha Pavel Bahtinov ya fito da shi a 2005, yana wannan aikin cikin minti ɗaya: ka sa shi a bakin teleskop, tauraro zai fito da layuka uku, sai ka matsa fokas har layin tsakiya ya ratsa tsakiyar gicciyen sauran biyun. Rubuta lambar wurin. Ita ce alƙalin da za ka gwada sakamakon manhaja da shi.

Yankin da fokas ke da kyau siriri ne. Lissafin da aka saba shi ne 4.88 sau tsawon zangon haske sau lambar f a ninka da kanta. Lambar f ita ce tsawon fokas na teleskop a raba da faɗin bakinsa. Da koren haske, maikiron 0.55, teleskop mai f/5 yana da kimanin maikiron 67, kusan kaurin silin gashi. Mai f/10 yana da 268, mai f/4 kuma 43 kacal. A misalinmu na maikiron 4 a kowane taki, f/5 na nufin taki 17 ne duk faɗin yankin. Ka ga ke nan lako-lako na taki 60 ya ninka yankin fiye da sau uku.

Ga yadda ake karanta zanen. Idan ɗigogin farko sun kwanta a layi ɗaya kafin zanen ya fara gangarowa, lako-lako ne ba a rama ba, kuma tsawon kwancen yana gaya maka girmansa. Idan zanen duka a kwance yake yana ɗan tsalle-tsalle, ko dai ratar taki tsakanin hoto da hoto ta yi kaɗan, ko bututu ba ya motsi sam. Ƙara ratar har ɗigogin gefe su kai ninki uku zuwa huɗu na kumburin tsakiya. Idan gefunan sun hau sannan suka lanƙwaso ƙasa, ratar ta yi yawa: taurari sun baje har manhaja ta daina ganinsu, ta koma auna ƙwayoyin kyamara masu walƙiya da kansu. A teleskop mai ƙaramin madubi a tsakiya wannan yana zuwa da wuri, domin tauraron zobe yake komawa. Idan kuma hannun V ɗaya kawai ka samu, ba ka fara kusa da fokas ba, ko ka dunguri iyakar tafiyar bututu, sai a ƙara ko a rage zoben tsawo a gaban kyamara.

Ɗigogi masu warwatsuwa ba tare da tsari ba, galibi hoton ne ya yi gajarta. Filtar da ke tace siririn haske, irin ta haidirojin-alfa, tana buƙatar daƙiƙu masu yawa fiye da farar filta. Rawar iska ma tana yin haka, musamman kusa da bakin sama ko a saman rufin da ya sha rana. A irin wannan daren kada ka taɓa saiti ko ɗaya, domin abin da za ka gyara ba shi ne ya ɓaci ba. Ka yi gwajin sau uku a jere: idan sakamakon uku sun faɗa cikin yankin da ka lissafa, injinka lafiya lau.

Mataki na 9: Ya yi kyau da farko, ya ɓaci daga baya

Wannan sau da yawa ba laifin inji ba ne. Alminiyom yana tsukewa kimanin maikiron 23 a kowace mita idan zafi ya sauka da digiri ɗaya. Bututu mai tsawon santimita 80, idan dare ya yi sanyi da digiri 4, ya tsuke da kusan maikiron 74, ya riga ya fita daga yankin f/5. Gilashin teleskop ma yana canza tsawon fokas ɗinsa da sanyi. Fitar da teleskop waje kamar awa ɗaya kafin ka fara, ka kuma sa manhaja ta sake neman fokas duk lokacin da zafi ya canza da digiri ɗaya ko biyu. Ma'aunin zafin a manna shi a jikin bututu, nesa da ɗamarar ɗumi. Wanda ke cikin akwatin injin zafin allon lantarki yake ji.

Yadda za ka bambance sanyi da zamewa: rubuta lambar fokas da zafin wurin kowane karo. Idan dare biyu masu zafi ɗaya sun ba da lamba kusan ɗaya, sanyi ne kawai. Idan lambar tana gusawa gefe ɗaya dare bayan dare ba ta dawowa, bututu ko mahaɗi na zamewa.

Sauya filta ma yana gusar da fokas idan kaurinsu ya bambanta, domin gilashi yana tura fokas waje da kusan sulusin kaurinsa. Auna bambancin kowace filta sau ɗaya ka adana a manhaja. Idan kuma tsakiyar hoto ta yi kaifi amma kusurwa ɗaya ta kumbura, kyamara ce ta karkace ko bututu ya sunkuya da nauyi. Juya kyamarar rabin zagaye ka sake ɗauka: in kusurwar da ta ɓaci ta zauna a wurinta a cikin hoton, karkacen yana jikin kyamara, in ta koma kishiyar kusurwa, yana jikin fokasa.